Hoton kamu ya fita da duhu: fitila ce ta gaza ko kyamara?

Sanusi Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ina cikin damuwa, a taimake ni da shawara. Daren Asabar na ɗauki bidiyon kamu a nan Yelwa, a tsakar gida aka yi, bayan isha'i. Ana cikin yi aka ɗauke wuta, sai fitilata guda ta LED mai batir ta rage. Da na zo gida na zuba aikin a kwamfuta, fuskar amarya ta yi duhu, hoton duk ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Uwar amarya ta gani ba ta ce komai ba, kuma wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo. Asabar mai zuwa ina da wani a Rumde Ajiya. Shin fitila zan ƙaro ko kyamarar ce ta tsufa?

Jibrin: Wa alaikumus salam. Kyamarar ce. Na sha faɗa maka. Sababbin da ake kawowa yanzu ko a ISO 6400, wato an ɗaga ƙarfin jin hasken kyamara sosai, hotonsu tas yake. Ka sayar da wannan ka cika kuɗi.

Adda Hawwa Kusiri: Jibrin, ka bari a ji ciwon tukuna kafin ka rubuta magani. Sanusi ƙanina, faɗa mana yadda ka saita. ISO nawa, bakin lens, wato ƙofar da haske ke shiga kyamara, nawa, kuma ina ka tsayar da fitilar?

Sanusi Garwa: Adda, ISO 6400 na sa, shi ma da ƙyar. Lens ɗin da ya zo da kyamarar ne, mai milimita 18 zuwa 55. Na janyo hoton har ƙarshe saboda mata sun cika wurin, ban iya matsawa ba, to sai bakin lens ɗin ya tsaya a 5.6. Fitilar kuma ƙanina Isiyaka ne ya riƙe ta a gefena, bakin zaure. Daga nan zuwa tabarmar amarya zai kai mita huɗu.

Baba Ɗanladi Marwa: Yaro, fitilarka ta yi ƙarama. Mu da muka fara aikin nan tun zamanin fim, babu wanda ke fita aikin dare ba tare da fitilar halojin mai wat 500 ko 1000 ba. Ka kunna ta, gida ya koma rana. Waɗannan ƙananan na yanzu masu kama da faranti ban yarda da su ba.

Abbakar mai sola: Baba, da girmanka, ai matsalarsa ba wuta. Halojin mai wat 1000 da me zai kunna ta? Bari in yi muku lissafin da nake yi wa masu sayen kayana. Batir mai volt 12 da 7Ah, ka ninka 12 da 7, ka samu 84. Wato zai iya ba da wat 84 na awa guda, a kan takarda ke nan. Fitila mai wat 1000 minti biyar za ta yi ta shanye shi. Ko fitila mai wat 40 ce, awa biyu ne a takarda, a aikace kuma ka ɗauki rabin haka, don irin wannan batir in kana sauke shi ƙasa ƙwarai ba ya daɗewa yake mutuwa. Sai dai in zai riƙa yawo da janareta, ita kuma ƙararta za ta cinye muryar masu guɗa.

Baba Ɗanladi Marwa: Janareta ai muna kai ta bayan gida ne da doguwar waya. Haka muka yi shekara da shekaru.

Isiyaka: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri, ni ne ƙanin Yaya Sanusi. Na ga akwai Malam Hamadu a nan. Malam don Allah an ba mu aikin gida na lissafi, gobe za a karɓa. An ce mu rubuta √8 da √32 da √128 a siffar a√2, sannan mu faɗi kimarsu in √2 ya kai 1.41. Na yi na farko na samu 4√2 amma abokina ya ce ba daidai ba ne.

Jibrin: Kai Isiyaka, nan wurin masu hoto ne. Ka tura wa Malam shi kaɗai mana.

Malam Hamadu Ngaundere: A'a Jibrin, ka bar shi. Da na ga tambayar nan sai da na gyara zama, don ita ce amsar yayansa. Isiyaka, aji nawa kake?

Isiyaka: Turwaziyem Malam, wato aji huɗu na sakandare. Bana zan yi BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, in sha Allah.

Malam Hamadu Ngaundere: Allah ya ba da sa'a. Abokinka ya yi gaskiya, kuma na gane inda ka zame. Ka ga 8 daidai take da 4 sau 2, sai ka fito da 4 ɗin waje yadda take. To ba a fitowa daga ƙarƙashin rasin, wato alamar nan √, haka kawai. Duk lambar da za ta fita, sai ta koma lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ita. Wace lamba ce in ka ninka da kanta za ta ba da 4? Sai ka gyara, ka yi sauran biyun da kanka. Ba zan ba ka amsa ba, zan jira ka.

Adda Hawwa Kusiri: Kafin yaro ya dawo bari in ce wani abu a kan maganar Baba. Ni aikina yawanci cikin ɗakin amarya ne, inda maza ba sa shiga, daga nan Kusiri har ƙetaren gada cikin Injamena. Ɗaki ƙarami, mata ashirin, ga turaren wuta, ga zafi. In na kunna halojin a wurin nan, minti goma kwalliyar amarya ta narke, kuma mayafi ɗaya ya taɓa gilashinta an shiga uku. Fitilata ba ta fi ta Sanusi girma ba, amma ban taɓa tsayar da ita nesa da amarya fiye da taku biyu ba. Ina sa yarinyata ta riƙe ta sama kaɗan da kan amarya, a gefe, ba tsakiyar fuska ba. Ban san lissafinsa ba, na dai san in ta ja baya taku biyu, fuskar ta mutu.

Isiyaka: Malam na gane. 2 ce ke fita. √8 = 2√2 = 2.82. √32 kuma 16 sau 2 ne, 4 ke fita, 4√2 = 5.64. √128 shi ne 64 sau 2, 8 ke fita, 8√2 = 11.28.

Malam Hamadu Ngaundere: Madalla, duka uku daidai. Yanzu masu kyamara ku dubi lambobin nan da kyau: 1.41, 2.82, 5.64, 11.28. A ina kuka san su?

Sanusi Garwa: Ikon Allah. Malam ai lambobin bakin lens ne. 1.4, 2.8, 5.6, 11.

Malam Hamadu Ngaundere: Su ne. Kuma waɗanda ke tsakaninsu, 2 da 4 da 8 da 16, su ne √4 da √16 da √64 da √256. Jerin duka shi ne rasin ɗin 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Kowane mataki ana ninka lambar da √2. Dalili kuwa, ƙofar da haske ke bi cikin lens da'ira ce, kuma faɗin filin da'ira yana tafiya ne da faɗinta ninke da kansa. In kana son ka rage hasken da rabi, ba raba faɗin ƙofar biyu za ka yi ba, da √2 za ka raba. Shi ya sa daga 4 zuwa 5.6 ka yi asarar rabin haske, daga 2.8 zuwa 5.6 kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya rage maka. Sanusi, lokacin da ka janyo hoton har 55, lens ɗinka ya tsuke kansa zuwa 5.6. Da ka matsa da ƙafarka ka tsayar da lens ɗin wajen milimita 24, da ka samu 4 ko kusa da haka. Ka ga ka zubar da rabin haskenka tun kafin a zo maganar fitila.

Ita kuma fitilar, doka ɗaya ce ke aiki a kanta. Hasken da ya fito daga ƙaramar fitila bazuwa yake yi. A mita biyu yana rufe fili ninki huɗu na wanda ya rufe a mita ɗaya, saboda ya ƙaru a tsaye sau biyu, ya ƙaru a kwance sau biyu. Haske ɗaya ne aka raba wa fili huɗu. A mita uku an raba tara, a mita huɗu an raba goma sha shida. Abin da Hajiya Hawwa ta gano da idonta ke nan. Sanusi, in kana da manhajar auna haske a waya, ka kashe fitilun ɗaki ka auna taka a mita ɗaya ka faɗa mana. Awon waya ba cikakke ba ne amma zai ishe mu.

Sanusi Garwa: Na auna yanzu Malam. Yana yawo tsakanin 780 da 820 lux, wato ma'aunin hasken.

Malam Hamadu Ngaundere: Mu ce 800. Isiyaka, ga ƙarin aikin gida, tunda kai ke riƙe fitilar. Lux nawa ya isa fuskar amarya a mita huɗu? Nawa zai isa a mita biyu?

Isiyaka: A mita huɗu 800 raba 16, ya ba da 50. A mita biyu 800 raba 4, ya ba da 200. Yaya, ashe da na matsa mita biyu kawai da hasken ya ninka huɗu.

Abbakar mai sola: To ku haɗa. Ninki huɗu daga matso da fitila, ninki biyu daga buɗe lens zuwa 4, ya zama takwas. 6400 raba 8 ya ba da 800. ISO 800 ke nan, da fitilar nan tasa da kyamarar nan tasa, ko dala bai kashe ba. Jibrin, me ka ce?

Jibrin: Na ce a takarda komai mai sauƙi ne. Ku je ku ce wa matan biki su ba yaro hanya ya tsaya kusa da amarya ku gani. Kuma har yanzu ina kan bakana, sabuwar kyamara ta fi haƙuri da duhu, wannan ba wanda zai musa.

Adda Hawwa Kusiri: Ba wanda ya musa. Amma kyamara mai haƙuri da duhu tsaki-tsakin kawai take ragewa, ba ta gyara inda hasken ya fito. In fitila tana nesa kuma a saitin kyamara, fuska za ta fita a shafe, ba ta da siffa, ko da wace kyamara ce. Kuma fatarmu baƙa tana son haske mai faɗi mai laushi, wanda zai kwanta a kunci da goshi ya nuna ƙyallinta. Ƙaramin haske mai kaifi daga nesa, ɗigon fari kawai yake sa wa a goshi da hanci, sauran fuskar ta nutse. Maganar ba da hanya kuwa, tun da rana ake gama ta. Ni ina zuwa in gaida uwar biki, in ce mata Hajiya ina son a ajiye mini wuri a hannun daman amarya don hoton 'yarki ya yi kyau. Ban taɓa jin wadda ta ƙi ba.

Baba Ɗanladi Marwa: Na karanta duk abin da kuka rubuta. Malam, lissafinka daidai ne, ban ja ba. Amma akwai abin da kuka tsallake, kuma shi ne dalilin da ya sa muke ɗaukar babbar fitila. Kamu ba amarya kaɗai ake ɗauka ba. Akwai ƙawaye, akwai gwaggwanni, akwai dangin ango da suka zo fesa turare, layi biyu ko uku. Ka kawo fitila mita ɗaya daga ta gaba, ta bayanta tana mita biyu. Ta gaba ta ƙone fari fat, ta baya ba a gane ta. Gobe gwaggon ango ta zo ta ce ina nake a cikin hoton. Na sha wannan tun ina yaron shago. Maigidana ya koya mini in taro ya yi yawa, ka ja fitila baya ka ɗaga ta sama, kowa ya samu rabonsa. To in ka ja baya, dole fitilar ta zama babba.

Malam Hamadu Ngaundere: Baba, wallahi wannan ita ce maganar da ta cika muhawarar, kuma dokar nan ɗaya ce ke mara maka baya. Mu gwada. Layin gaba a mita ɗaya, na baya a mita biyu: 1 da 4, bambanci ninki huɗu, matakin lens biyu cur. Layin gaba a mita biyu, na baya a uku: 4 da 9, ninki biyu da kwata. Layin gaba a mita huɗu, na baya a biyar: 16 da 25, bai fi ninki ɗaya da rabi da ɗan ɗori ba, ido ma da ƙyar zai lura. Tazarar da ke tsakanin matan ba ta canja ba, mita ɗaya ce, amma nisan fitila ya daidaita su. Sai dai kuɗin wannan daidaito shi ne raba haske goma sha shida. In kana son lux 200 a mita huɗu, fitilar da ke ba da 3200 a mita ɗaya kake nema, irin ta Sanusi guda huɗu ke nan. Don haka ni abin da na fahimta, Sanusi ya tsayar da fitila a wurin da ya dace da taro, alhali fuska ɗaya yake ɗauka, kuma fitilar tasa ta fuska ɗaya ce.

Baba Ɗanladi Marwa: Yawwa. Yanzu muka haɗu.

Adda Hawwa Kusiri: Akwai dabarar da ke rage wannan matsala in a ɗaki ne. Ka juya fitilar ta kalli silin ko bango fari, hasken ya dawo a baje, na gaba da na baya su kusa daidaita. Za ka yi asarar ƙarfi amma fuskoki sun fi kyau. A kula da launin fenti kawai. Na taɓa yi a ɗaki mai shuɗin bango, amarya da ƙawayenta duk suka fito kamar marasa lafiya, na kwana ina gyara. Tun daga ranar nake yawo da farin zanin gado a jakata, in bangon mai launi ne in sa a riƙe mini. A tsakar gida kuwa babu silin, hasken da ya wuce ya tafi sama ke nan. Sannan in kabad ɗin amarya cike yake da kwanuka masu ƙyalli, kada fitila ta kalle su kai tsaye.

Alhaji Musa: Ku gafarce ni in sa baki, ni ba mai hoto ba ne, shago nake da shi a babbar kasuwar Garwa. Kyamarar tsaro da na sa, da rana lafiya lau, da dare kuwa gefe ɗaya fari tas, bakin ƙofa inda nake son gani duhu. Ko wannan ma lissafin ne?

Abbakar mai sola: Shi ne Alhaji. Waɗannan jajayen ɗigo da kake gani kewaye da idon kyamarar da dare fitilu ne na hasken da idon mutum ba ya gani amma ita tana gani. In akwai bango ko kanta kusa da ita, shi ke kwashe hasken, kyamarar ta rage ƙarfinta dominsa, ƙofar da ke nesa ta faɗa duhu. A juya ta yadda bangon zai fita daga hoton, a share yanar gizo-gizo da ƙurar gilashin, sannan a sa ƙaramin kwan fitila a saman ƙofar daga waje.

Alhaji Musa: Lallai akwai kanta a gefenta. Allah ya saka da alheri.

Sanusi Garwa: Na gode ƙwarai. Saura tambaya ɗaya. Kafin a ɗauke wutar, wurin da na ɗauka da dogayen fitilun gidan akwai wasu layuka masu duhu suna gangarowa a hoton. Su kuma fa?

Abbakar mai sola: Wutarmu a Kamaru da Chadi, har Najeriya, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka irin waɗannan fitilu suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya kamawa, kyamara tana kamawa. Duba saitinka, ina zargin tana kan hoto 30 a daƙiƙa da shota, wato tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske, 1/60 na daƙiƙa, wanda aka yi don ƙasashe masu wuta 60 irin Amurka. Mayar da ita PAL, saitin ƙasashe masu wuta 50, hoto 25, shota 1/50. Za ka ma samu ɗan ƙarin haske a kan 1/60. In gidan a kan janareta suke wadda gudunta ke hawa da sauka, layukan na iya dawowa ko ka saita daidai, to a nan gara ka roƙi a kashe fitilun da ke kusa da amarya ka dogara da taka mai batir.

Sanusi Garwa: Na duba, a kan 30 take. Tun da na saye ta hannun wani daga Mubi ban taɓa shiga wurin ba. Na canja.

Jibrin: In dai ba za ka sayi kyamara ba, to ko lens mai milimita 50 da baki 1.8 ka nema. Daga 5.6 zuwa 2, Malam ninki nawa ne?

Malam Hamadu Ngaundere: Isiyaka ne zai amsa.

Isiyaka: 5.6 shi ne √32, 2 kuma √4. 32 raba 4, ninki takwas.

Adda Hawwa Kusiri: Lens ne mai kyau, ina da shi. Amma a ƙaramin ɗaki yana matse hoto, ba ka samun mutum uku a ciki, kuma a 2 in amarya ta sunkuyar da kai kaɗan idonta ya fita daga saiti. Sai hannu ya saba. Kada ranar Asabar ta zama ranar gwajinsa.

Sanusi Garwa: Assalamu alaikum, na dawo da labari. Jiya muka yi na Rumde Ajiya. Na je tun la'asar na gaida uwar amarya kamar yadda Adda ta ce, ta sa aka bar wa Isiyaka wuri. Shi kuma ya zo da igiya ya ƙulla mata ƙulli a kowace rabin mita, muka auna tun kafin mutane su taru, ya sa dutse a inda zai tsaya, mita biyu saura kaɗan. Wuta ba ta ɗauke ba wannan karon amma fitilun gidan ba su da ƙarfi, tamu ce ta yi aikin. Na tsaya a 4 da ISO 800, wani wuri 1600. Fuskar amarya ta fito, har zanen lallen hannunta ana gani, layukan nan ma babu. Inda na gaza shi ne hoton dangi gaba ɗaya, mutum kusan talatin. Na ja fitila baya yadda Baba ya ce, kowa ya daidaita amma na koma 6400, tsaki-tsakin ya dawo a 'yan mintocin nan.

Baba Ɗanladi Marwa: To ai ka san abin da ya rage. Ka ƙaro fitila saboda taro, ko ka riƙa roƙon a yi hoton dangi kafin magariba.

Sanusi Garwa: Haka zan yi Baba. Abbakar, in na samu irin tawa guda biyu na haɗa uku wuri ɗaya, a mita nawa zan samu lux 200?

Abbakar mai sola: Tambayi mai igiya.

Isiyaka: Uku sau 800 ya ba da 2400. Raba 200, saura 12. √12 shi ne 2√3, kusan mita uku da rabi. Malam, aikin ranar nan na samu duka, sai dai an rage mini rabin maki don ban rubuta matakan ba. Yanzu mun shiga darasin Talas na lissafin alwatika, akwai wata tambaya ta inuwar sanda da inuwar bishiya, zan turo bayan azahar.

Malam Hamadu Ngaundere: Turo, amma ka fara zana hoton da hannunka, ka rubuta abin da ka gwada tukuna.